Inji Ɗaya, Amsa Goma: Ire-iren 'Yan Fiziks Daga Salaga Zuwa Paga

Duk malamin da yake son koyar da darasin zafi, ya zo Paga a watan Maris, ba ya bukatar ɗakin gwaji. Da ƙarfe biyu na rana kwanon aji yana ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa a kansa, ma'auni ya haura digiri 40, manyan motocin da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Tema za su Wagadugu sun yi layi a bakin iyaka suna huci, yaran mota sun baje tabarmi a ƙarƙashinsu. Hatta kadojin tafkin garin, waɗanda baƙi ke zuwa daga nesa su riƙe musu wutsiya a ɗauki hoto, sun fito bakin ruwa sun hangame baki sun yi lamo. A irin wannan lokaci nake tara 'yan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawar WASSCE, in rubuta musu tambaya ɗaya a allo.

Tambayar ba ta canzawa. Na yi ta a Salaga, na yi ta a Yendi, na kai ta Bawku, ga ni da ita a Paga. Wani inji yana karɓar zafi na jul 2,000 daga tukunya mai digiri 227 a ma'aunin Salsiyos, yana zubar da abin da ya rage masa a wuri mai digiri 27. Mene ne iyakar aikin da zai iya yi?

Amsar layi uku ce. Ka ƙara 273 a kan kowane zafi, su koma 500 da 300 a ma'aunin Kelbin. Ka ɗora 300 a kan 500, ka cire abin da ya fito daga ɗaya, ka sami kashi 40 cikin ɗari. Kashi 40 na 2,000 kuwa 800 ne. Jul 800 su zama aiki, 1,200 su bi iska. Shi ke nan, ko alli ba ta ci ba. Amma shekarun da na yi ina shaƙar ƙurar allo sun koya mini cewa in kana son sanin halin yaro, kada ka tambayi uwarsa, ka ba shi wannan tambaya ka koma gefe ka zuba ido. Ga waɗanda na tara.

Alaramman Fomula

Allah ya ba shi kai mai riƙo kamar ƙaro. Zai karanto maka dokar farko ta zafi da aiki cikin Turanci ba gargada, yana rangaji, har ya gaya maka shafin da take a littafin Nelkon da kuma gefen da miya ta ɗiga. Makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi, sai dai ya sauya kama: wannan jumla ko cikin barci ka taɓa shi za ta zubo.

Matsalarsa tana farawa ne ranar da ka taɓa harafi ɗaya. In littafi ya kira zafin tukunya T1, kai kuma ka kira shi TA, sai ya ajiye biro ya dube ka da idon wanda aka ci amanarsa, ya ce, "Masta, ba mu zo nan ba tukuna." 'Yan makarantar Gana suna da kirarin wannan hanya tasa: a tauna, a amayar, a haye, a manta.

Wani irinsa a Yendi ya gama karanto mini dokar tsaf, na ce, "Madalla. To babanka ya cika tankin babur a nan, ya isa Tamale tanki ya yi ƙasa. Ina man ya tafi?" Ya yi murmushin mai tausayin jahili, ya ce, "Ai ƙarewa ya yi, Masta." Dokar tana bakinsa, babur yana ƙofar gidansu, amma har ya bar makaranta ba su taɓa gaisawa ba.

Maƙiyin Kelbin

Shi ne farkon ɗaga hannu. Kafin in rufe alamar tambaya ya gama, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, ya fara fifita da littafi yana duban sauran da tausayi. Amsarsa jul 1,762. Injinsa yana mayar da kashi 88 cikin ɗari na zafi aiki, abin da in gaskiya ne da tuni masu ƙera motoci na Jamus da Japan sun turo jirgi ya ɗauke shi.

Laifinsa ɗaya ne, kuma kullum shi ne: tsakaninsa da 273 akwai gaba ta gado. Ya ɗauki 27 ya ɗora kan 227 ya wuce abinsa. Nakan ce masa, "Zo nan. Ga 'yan kasuwa biyu a kasuwar Bawku, ɗaya yana da sidi 500, ɗaya 300. Kowannensu ya soke sidi 273 a lalita. In ka leƙa aljihun gaba kawai, za ka ga 227 da 27, ka fita kana shela cewa wannan ya ninka wancan sau takwas. Alhali ko sau biyu bai kai ba." Sifilin Salsiyos wurin daskarewar ruwa ne kurum, akwai sauran zafi jibge a ƙarƙashinsa. Gindin rijiyar yana can ƙasa da digiri 273, kuma daga can William Thomson, wanda daga baya aka naɗa Lod Kelbin, ya ce a fara ƙirga tun 1848.

Zai gyaɗa kai, ya ce wallahi ya gane, har ya rubuta 273 a tafin hannu. Ranar jarrabawa gumin Paga ya wanke rubutun, gaba ta dawo sabuwa.

Bawan Kalkuleta

Wannan bai yarda da kansa ba, bai yarda da ni ba, bai yarda da littafi ba. Kalkuleta ce uwar ɗakinsa. Ko biyu a tara da biyu sai ya nemi izininta. Yana da hankalin tuna 273, amma sai ya kifa lissafin, ya ɗora 500 a kan 300, ya manta da cirewa daga ɗaya, ya buga da 2,000. Abin da ya fito ya kwafe shi da ladabi har digo na ƙarshe: jul 3,333.333333.

"Kai, ka ba inji 2,000 ya mayar maka da 3,333?"

"Haka ta ce, Masta."

"In ka ɗora buhu 20 na albasa a Bawku, ka sauke 33 a Kumasi, me za a ce?"

Ya yi shiru, ya ce, "Albarka."

Na ce a'a, za a ce ka tsaya a kira 'yan sanda. Wannan shi ne abin da James Joule, ɗan mai kamfanin giya a Salford kusa da Mancesta, ya ɓata shekarun 1840 yana tabbatarwa. Ya rataya nauyi a igiya, nauyin yana sauka yana juya wani maburgi cikin ruwa, shi kuma yana auna ɗumin da ruwan ya yi. Kullum lissafi ɗaya: kimanin jul 4.2 na aiki ne ke ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Abin da ya shiga shi ne ya fita, ba daɗi ba ragi. Bawan Kalkuleta ya saurari labarin duka, sannan ya tambaye ni wace irin kalkuleta Joule ya yi amfani da ita.

Injiniya Ba-Mai

Shi bai damu da tambayata ba, domin a ganinsa injin da ke kan allo tsohon yayi ne. Bayan littafinsa cike yake da zanen wayoyi da bel da ƙafafun keke. Tun shekarun da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ta addabi ƙasa ya ɗauki alkawarin zai ƙera janareta da ba ta shan mai, kuma ya ga hujja a Facebook da idonsa. Tsarin mai sauƙi ne: batir ya juya mota, mota ta juya altaneta, altaneta ta caja batir, rarar wuta kuma a kai wa firizar Hajiya ta daskarar da zoɓo.

Na ce masa wannan ai adashin mutum ɗaya ne: kai ke zubi, kai ke kwasa, kana kuma jiran riba. Adashin ma ya fi, don akwatin adashi ba ya ɗumi. A nasa tsarin bel yana ɗumi, waya tana ɗumi, batir yana ɗumi, kowane zagaye sai an yagi wani abu, har abin ya yi tari ya tsaya. Masu irin mafarkinsa sun dame duniya tun da daɗewa, har Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta gaji a 1775, ta ce daga ranar ba za ta ƙara duba takardar duk wanda ya zo da injin da ke juya kansa har abada ba.

"To Akosombo fa, Masta? Mai take sha? Faifan sola na Navrongo fa?"

A nan yana ganin ya ƙure ni. Na ce madatsar Akosombo, tun da aka gama ta a 1965, ruwa ne ke faɗowa daga sama ya juya mata injuna, kuma rana ce ta ɗaga ruwan nan daga teku ta mai da shi girgije ya zuba a kogin Bolta. Tashar Navrongo da aka buɗe a 2013 ita ma daga aljihun rana take ci. Akwai mai biya, ba kai ba ne kawai.

Da zafi ya yi zafi a shekarar da yake ajina, sai ya buɗe ƙofar firji ya bar ta a hangame don ɗaki ya yi sanyi. Firji kuwa kwashe zafi take yi daga ciki ta zubar ta baya, ta haɗa da na wutar da ta ci. Ɗaki ya ƙara zafi, nama ya lalace, mita ta cinye kuɗin wata. Uwarsa ce ta ƙarasa masa darasin, da muciya.

Lauya

Kafin ya taɓa biro sai an yi shari'a. "Masta, wane irin inji ne? Na niƙa ko na mota? Sabo ne ko na hannu? Wa ya auna digiri 227 ɗin, kuma ma'auninsa lafiya yake? Ka ce babu gugar ƙarfe da ƙarfe. A ina? A nan Paga, inda ƙurar hunturu ke shiga har cikin agogo?" Minti ashirin sun tafi, aji ya rabu biyu, ɗalibin da nake kira Kada ya ƙara gyara kwanciya a bencin ƙarshe.

Abin haushin shi ne Lauya yana da gaskiya, rabin gaskiya. Injin da ke kan allo ba a taɓa ƙera shi ba, ba kuma za a ƙera ba. Wani matashin injiniyan sojan Faransa, Sadi Karno, shi ya zana shi a cikin kansa, ya buga ɗan littafinsa a 1824 yana da shekara 28, kwalara ta ɗauke shi a 1832 kafin duniya ta gane abin da ya faɗa. Tambayar da ya yi ita ce: in an cire duk wani aibi, ba tsatsa, ba yoyo, ba guga, nawa ne iyakar abin da inji zai iya bayarwa? Ya gano cewa ko a hakan ba zai ba da duka ba, kuma iyakar ta rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi. Injin fetur na gaske yakan tsaya wajen kashi 25 zuwa 30, na dizal ya ɗan ɗara. Sauran yana fita ta salansa da lagireto.

Na bayyana wa Lauya cewa injin Karno kamar mudun sarkin kasuwa ne, ba a dafa tuwo da shi, amma da shi ake gane mudun da aka bubbuge wa gindi. Ya ce zai ɗaukaka ƙara. A takardar jarrabawarsa ya cika shafi guda da sharuɗɗa, bai rubuta lamba ko ɗaya ba.

Kada

Mazauninsa bencin ƙarshe, jikin bango, inda iska ke ɗan shigowa. Ido rabi a buɗe, baki a sake, ba motsi. Sabon malami zai ɗauka ya mutu, kamar yadda baƙo ke ɗaukar kadan tafki gungumen itace.

Na daɗe ina jin haushinsa kafin in gane cewa duk ajin ba wanda ya kai shi aiki da darasin. Kada na gaske ba ya ƙona abincinsa don ɗumama jiki kamar ni da kai. Rana yake shiga ta ɗumama shi kyauta, in ta yi yawa ya hangame baki zafi ya fita, ko ya sulale cikin ruwa. Shi ya sa yake iya daɗewa bai ci komai ba. Haka ɗalibina: ba ya kashe jul ɗaya a kan abin da ba shi da maki.

Masu kula da tafkin Paga sun san yadda ake fito da kada: kaza ake kawowa, tana kuka, sai ka ga ruwa ya tsage. Ni ma na gano kazar nawa. Da na ce, "Wannan tambayar ta taɓa fitowa, kuma ina jin ƙamshinta bana," sai ka ji benci ya yi ƙara, ido ya buɗe tar, hannu ya cafke biron maƙwabci. Cikin minti ɗaya ya haɗiye layi ukun nan ba tauna, ya koma ruwa. Abin takaici, sau da yawa yana cin jarrabawa.

Sarauniyar Zane

Biro uku gare ta, ja da shuɗi da baƙi, da rula, da abin goge fensir mai ƙamshi. Takan fara da rubuta kwanan wata, ta ja layi. Ta rubuta "Amsa", ta ja layi biyu. Sannan ta zana tukunyar zafi da jan biro har da harsunan wuta, ta zana wurin sanyi da shuɗi har da 'yan ɗige-ɗigen raɓa, ta zana injin a tsakiya, da'ira mai kyau wadda murfin kwalba ya taimaka. Kibiyoyinta kuwa, in ka gan su sai ka so a yi maka ɗinkinsu a wuyan riga.

Kuma zanen daidai yake, nan ne abin ke ba ni tausayi. Kibiya mai kauri ta shiga, siririya ta fita gefe, matsakaiciya ta sauka ƙasa. Duk fiziks ɗin yana cikin hoton nan, saura ta sa lamba uku. Tana buɗe murfin baƙin biro sai a kaɗa ƙararrawa. Ta miƙo takarda tana cewa, "Masta, saura kaɗan." Ita ce injin da ya fi kowane kyau a Jihar Gabas ta Sama: zafi yana shiga, ƙira ta yi, fenti ya yi, ƙafa ce dai ba ta juyawa.

Dillali

Bai taɓa warware tambaya ba, bai kuma taɓa rasa amsa ba. Jakarsa cike da tsofaffin takardun jarrabawa, waɗanda 'yan makaranta ke kira pasko, kuma yana da hasashen abin da zai fito bana, wanda ya ji daga wani da ya ji daga wani da ƙanin matarsa ke tuƙa mota a Akara. Sana'arsa haɗa mai amsa da mai bukata. Ladansa ƙosai biyu ko katin waya.

A Salaga na fara haɗuwa da irinsa, kuma ban yi mamaki ba. Garin nan shi ne Gwanjan da fataken Kano da Katsina ke dosa wata da watanni da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fata su koma da goron Asante, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. A irin wannan kasuwa kaya ba ya wucewa daga hannu zuwa hannu sai dillali ya ci la'ada. Jikan nasu bai yar da gado ba.

Sai dai kayansa na lalacewa a hanya. Amsa takan taso daga bencin gaba tana jul 800 cif. A benci na biyu takwas ta buɗe ciki ta zama uku. A na huɗu sifili ɗaya ya faɗi. Kafin ta isa wurin Kada, harafin J ya zama wata, wani ya rubuta mini "30 ga Yuli". Rudolf Kilawsiyos na Jamus ya raɗa wa irin wannan lalacewa suna a 1865, ya kira ta entirofi: abu in ya bazu ba ya tattaruwa da kansa. Ni ban taɓa samun misalin da ya kai takardar Dillali ba.

Sarkin Ciki

Kowace tambaya sai ya mai da ita abinci kafin ta shiga kansa. Jul 2,000 lomar tuwon zafi nawa ne? In inji yana zubar da kashi 60, shi ma kenan kashi 60 na wake da shinkafar da ya ci da safe sun bi iska, don haka adalci ne a sake shi ya je ya cike gurbi. Ya ji an ce ƙwaƙwalwa na cin wat 20, tun daga ranar yake kiran tunani aikin ƙarfi.

Ban raina shi ba, don ta hanyar jiki aka fara hango dokar farko. Wani likita Bajamushe, Robert Maya, yana aiki a jirgin ruwan Holan da ya je tsibirin Jaba a 1840, ya lura jinin da yake tsaga wa matuƙa ya fi ja a ƙasar zafi fiye da yadda ya saba gani a Turai. Ya ce lalle jiki ba ya ƙona abinci da yawa a inda ba ya bukatar ɗumi, kuma ɗumi da aiki daga tukunya ɗaya ake kwasarsu.

Sai na yi wa Sarkin Ciki lissafi da yarensa. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari yana ɗauke da kimanin jul 67,000. Jawo guga mai kilo 10 daga rijiya mai zurfin mita 10, irin rijiyoyin da Salaga ta yi suna da su, jul 1,000 ne. Jikin mutum kuma inji ne mai mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar aiki, saura gumi. Cokali ɗaya kenan ya isa guga goma sha uku. Na ce, "Kai kuma cokali huɗu na ga ka zuba a koko. Gidanku na bin ka guga hamsin da biyu." Tun daga ranar ya ce fiziks ba ta da tausayi, ya koma son bayoloji.

'Yar Mai Koko

Takan zo a makare, hannunta na ƙamshin citta da kanumfari, don sai ta taya uwarta sallamar masu sayen koko da ƙosai a bakin tasha. Ba ta ɗaga hannu. Ranar da na leƙa littafinta, ban ga T1 ba, ban ga T2 ba. Ta ja layi ta raba shafi uku, kamar littafin bashi. A sama ta rubuta "jari, 2,000". A dama "riba, 800". A hagu "la'ada, 1,200".

Na ce, "Wa ya koya miki haka?"

Ta ce, "Masta, ai ciniki ne. Abin da ya shiga faranti da safe dole ya fito da yamma, ko a kuɗi, ko a bashi, ko a wanda ƙannena suka sha. In bai cika ba, Inna ba ta cewa ya ɓace, cewa take wa ya ɗauka."

Dokar farko kenan, ba Turanci ko ɗaya. Na ce to la'adar fa, me ya sa ba za a hana ta ba? Ta ce ba a hanawa. Zafi fatake ne, daga garin zafi yake tashi zuwa garin sanyi, inji kuma a bakin hanya yake zaune kamar Paga, yana samun nasa ne saboda ana wucewa. In ka ce komai ya tsaya a wurinka, kada wani abu ya ƙetare, to hanya ta mutu, kai ma ka mutu. Dokar ta biyu kenan. Na tsaya da alli a hannu ina tunanin kuɗin da na kashe a kan littattafai.

Masta

Saura mutum ɗaya, kuma rashin adalci ne in tsallake shi. Shi ne wanda yake shiga aji da kai mai zafin digiri 227, ya yi awa biyu yana zuba, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya shanye ruwan leda uku, sannan ya karɓi takardu ya tarar da 1,762 da 3,333 da 30 ga Yuli. Bisa ƙa'idar Karno, iya sanyin wurin zubarwa iya ribar inji, don haka ajin da ke da Kada a bencin baya ya kamata ya zama injin da ya fi kowanne a Afirka ta Yamma. Ban san inda lissafin ya karkace ba. Na sha zama da dare ina auna kaina, ina samun abin da ko injin niƙan da ya shekara talatin zai ji kunyarsa.

Haka nake ta ƙorafi har wata rana babur ɗina ya fara tari a hanya, na tura shi rumfar wani makanike a Bawku. Mai rumfar ya fito daga ƙarƙashin wata mai ƙafa uku, baƙin mai har gira, ya dube ni ya washe baki. Injiniya Ba-Mai ne, ya yi gemu, yara uku na koyon aiki a hannunsa. Ya gyara babur ɗin, ya tayar, ya bar shi ya ɗan yi gudu a tsaye. Sannan ya kira yaransa, ya nuna musu ƙafar baya tana juyawa ya ce, "Wannan ce 800." Ya kai hannu kusa da salansa, inda iska ke rawa don zafi, ya ce, "Masta, ga 1,200 ɗinka nan. La'ada."

Na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Ashe abin da na ɗauka ya bi iska yana nan, kama ya sauya. Na sa hannu a aljihu ina murmushi, ina jiran ya ce haba Masta, bar shi kawai. Ya faɗi kuɗinsa cif, ko sidi ɗaya bai rage ba. Da na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Kai ka koya mana, Masta. Babu injin da ke aiki ba mai."